DIGIRI TA INTANET DA SANA'AR ZANE: A DUBA KAFIN A BIYA



 

An ɗora mini nauyin in yi bayani a kan wata magana da ta fara shiga gidajenmu a nan Bwari, watau maganar yaro ya zauna a ɗaki ya yi digiri ta intanet domin ya zama mai sana'ar zane da zayyana. Uba yana zaune, sai ɗansa ya zo da waya a hannu ya ce, "Baba, ga wata makaranta a ƙasar waje, ba sai na je ba, kuɗi kawai za a tura." Uban bai san ta inda zai kama maganar ba. In ya hana, a ce ya tare wa yaro gaba. In ya biya, bai san abin da ya saya ba. To wannan tsaka-mai-wuya ita ce nake so mu warware yau, gwargwadon iko.

ME YA KAWO MU NAN?

Jama'a, babu garin da ya kai Bwari kusa da ƙofar jami'a a duk faɗin Nijeriya. Hedkwatar hukumar JAMB a nan take. Makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa a nan take. 'Ya'yanmu suna wuce ƙofofin nan kullum, wasu a kan acaɓa, wasu da tallar ruwa. Amma kusa da rijiya ba shi ne shan ruwa ba, sai da guga. A shekarar 2024 kusan mutum miliyan biyu suka yi rajistar jarrabawar shiga jami'a, kuma guraben da ake da su ba su isa kowa. Wanda ya samu shiga ma, kun dai ga abin da ya faru a 2022, lokacin da malaman jami'o'in gwamnati suka yi wata takwas cur suna yajin aiki.

Sa'an nan mu da muke zaune a wurin da ba nan aka binne cibiyar kakanninmu ba, muna da ƙarin wani nauyi. Yaro an haife shi a Bwari ko Kubwa ko Dutse Alhaji, a nan ya yi firamare da sakandare, amma ranar neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya kawo takardar indijin. Ya tafi Katsina ko Zariya, can ma a ce ba a san shi ba sai ya zo da mai unguwa. Saboda haka in kun ga matasanmu sun karkata ga sana'ar da ake yi da kwamfuta, kada ku ɗauka lalaci ne. Mai shagon da ke son a zana masa allo bai taɓa tambayar kowa ƙaramar hukumarsa ba.

WACE SANA'A CE WANNAN?

Ga iyayenmu da ke tambaya, wai shi zanen nan me ake ci a cikinsa, ku ɗaga ido ku duba kasuwar Bwari. Allon da ke saman kowane shago, wani ne ya tsara shi. Ledar ruwa da kwalin sabulu da takardar da ke jikin robar zoɓo, wani ne ya zaɓi launi da haruffa. Katin ɗaurin aure, kalandar makarantar Islamiyya, fostar 'yan siyasa, bangon littafi, tambarin kamfani, hoton tallar fim ɗin Hausa, duk aikin mai zane ne. Akwai kuma sabon reshe da ya fi kawo kuɗi, watau tsara fuskar manhajar waya da shafin intanet, yadda mutum zai san inda zai danna ba tare da ya ruɗe ba. Wannan manhajar banki da kuke tura kuɗi da ita, akwai waɗanda aikinsu ke nan, su zauna su tsara inda kowane maɓalli zai zauna.

Kuma ba baƙuwar sana'a ba ce a wurin Bahaushe. Maɗinkin da ke zana aska takwas a ƙirjin babbar riga kafin a sa allura, da maginin da ke yi wa soro dagi a Zariya da Kano, da marinin Ƙofar Mata, da dukawa masu yi wa fata ado, da mai zayyanar allo ranar saukar karatu, duk ido ɗaya ne da hannu ɗaya. Kayan aiki ne suka sauya.

KARATU DAGA NESA BA YAU AKA FARA BA

Kada wani ya ce duk karatun da ba a aji aka yi shi ba na banza ne. Tun zamanin Turawa akwai masu karatu ta gidan waya, a aiko musu da darasi a ambulan, su amsa su mayar. Cif Obafemi Awolowo yana zaune a Nijeriya ya sami digirinsa na farko a fannin kasuwanci daga Jami'ar Landan. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, watau NTI, kuma na tabbata a cikin ɗakin nan akwai malaman da suka sami takardarsu ta wannan hanya suna kan aikinsu. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Ita ce NOUN, wadda hedkwatarta ke Jabi, kuma tana da cibiyar karatu a nan kusa da mu, a Dutse Alhaji. Shi kansa tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo a can ya karɓi digirin digirgir a 2018. A 2023 ma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ba wata jami'a mai zaman kanta a Abuja mai suna Miva lasisin koyarwa ta intanet.

Ashe ke nan hanyar halal ce a wajen hukuma. Abin dubawa shi ne wace takarda ce yaro zai riƙe a ƙarshe.

TAKARDU IRI HUƊU

Duk tallar da ke zuwa wayar 'ya'yanmu ba ta wuce ɗayan huɗu.

Na farko, digirin jami'ar cikin gida wadda NUC ta amince da ita, ta kuma amince da kwas ɗin da ake koyarwa daga nesa. Ku lura da wannan gaɓa ƙwarai. Amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban. Irin wannan karatu yana neman sakamakon sakandare mai kiredit biyar, yana cin shekaru kamar kowane digiri, kuma akwai jarrabawar da sai ɗalibi ya je cibiya da ƙafarsa ya zauna ya rubuta. Galibin kwasa-kwasan da ake samu ta wannan hanya su ne irin su kwamfuta da aikin jarida da kasuwanci da aikin malanta. Saboda haka wanda ya ce muku zai yi digirin zane zalla daga gida, ku ce ya nuna muku sunan kwas ɗin a jerin da hukuma ta fitar.

Na biyu, digirin jami'ar ƙasar waje ta gaskiya, a Ingila ko Amurka ko Indiya. Akwai nagari a cikinsu, ba musu. Amma da dala ko fam ake biya, zango bayan zango. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Uban da ya yi lissafi da tsohon farashi ya sa ɗansa, kafin shekara ta zagayo kuɗin makaranta ya ninka a hannunsa. Kuma in an gama, sai an kai takardar Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta tantance ta kafin gwamnati ta karɓa.

Na uku, satifiket na gajeren kwas, na wata uku ko shida. Alal misali, a 2021 kamfanin Google ya fito da kwas ɗin tsara fuskar manhaja a dandalin Coursera. A 2023 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na koya wa matasa sana'o'in kwamfuta, har da wannan fanni na tsara manhaja. Waɗannan suna da amfani ainun wajen koyon aiki, kuma kuɗinsu bai kai ya kawo ba. Sai dai a sani, satifiket ne. Ba ya kai mutum mataki na 8 a aikin gwamnati, ba ya kai shi hidimar ƙasa. Wanda ya sayar muku da shi da sunan digiri ya cuce ku.

Na huɗu kuwa, shi ne na 'yan damfara. A watan Disambar 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai shiga aji ba ko sau ɗaya. Ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Daga baya a cikin shekarar ministan ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano takardun jabu sama da 22,000 daga ƙasashen biyu. Ku yi tunanin gonaki nawa da shanu nawa da sarƙoƙin iyaye mata nawa suka tafi a cikin wannan adadi. Araha dai ba ta ado, kuma duk digirin da aka ce babu jarrabawa, babu aikin gida, sai dai a tura kuɗi a jira, to a gudu.

HANNU DA TAKARDA

Yanzu bari in zo kan ƙashin bayan maganata. Sana'ar zane ta bambanta da aikin lauya ko likita. Waɗannan in babu takarda babu aiki, doka ce. Shi kuwa mai zane, ƙofofi biyu ne a gabansa. Ƙofar gwamnati da manyan ma'aikatu da koyarwa a makaranta, takarda take tambaya. Ƙofar kasuwa kuwa, daga mai shagon Bwari har kamfanin da ke Legas ko Dubai, abin da take cewa shi ne, "Nuna mini abin da ka taɓa yi." Kundin ayyukan da yaro ya yi da hannunsa, shi ne ke yi masa magana a can.

Shi ya sa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda sashen zane ya yi suna tun kafin samun mulkin kai, ɗalibi yake shafe shekara huɗu a ɗakin aiki. Ya yi zane, malami ya tsaya a kansa ya ce wannan layi ya karkace, wannan launi ya danne rubutu, sake. Ya sake, a sake kushewa, har idonsa ya buɗe. Wannan gyara na ido da ido shi ne abin da karatun intanet ya fi rauni a kai. Bidiyo yana nuna maka yadda ake yi, amma ba ya ganin naka balle ya ce maka ka ɓata. Don haka duk makarantar intanet da za ku biya, ku tambaya: wa zai duba aikin yaron nan? Sau nawa a wata? Mutum ne mai suna da za a iya yi wa magana? In amsar ba ta fito sarari ba, to bidiyo kawai ake sayar muku, kuma irinsa yana nan kyauta a YouTube.

Ga misali daga 'yan'uwanmu Gbagyi masu masaukinmu. Ku ciro naira ashirin ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. A gida ta koyi sana'ar tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu. A can ta ƙara sabon ilmi a kan na gado, ta koyi aiki da injin juya yumɓu da gashi mai tsananin zafi, amma ba ta yar da adon gidansu ba. Aka kai aikinta Turai da Amurka, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Kun ga yadda abin ya jeru: gado, sai koyo a hannun gwani, sai aiki, takarda ta biyo baya. Nan Ushafa ma, da ke ƙarƙashin ƙaramar hukumarmu, tukwanen matan garin na cikin abin da aka nuna wa shugaban Amurka Bill Clinton da ya zo a watan Agustan 2000.

Ban ce a bar digiri ba, kada a fita a ce na faɗa. Wanda ke da hali ya haɗa biyun, domin gobe ba a san ƙofar da za ta buɗe ba. Hanya mai sauƙin kuɗi ita ce yaro ya yi digirin cikin gida da hukuma ta sani, a fannin da ke maƙwabtaka da zane kamar kwamfuta ko aikin jarida, ya ɗauki gajerun kwasa-kwasan zane a gefe, sa'an nan da rana ya je ya zauna a shagon masu buga takardu a matsayin yaron shago. A can zai ga yadda launin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta ke fitowa daban a kan takarda, ya koyi yin farashi, ya koyi haƙuri da mai kaya. Kuma tun kafin a biya ko kwabo a tambayi makarantar maganar hidimar ƙasa, domin bisa al'ada waɗanda ba su yi karatu na cikakken lokaci ba takardar ɗauke hidima ake ba su.

KAYAN AIKI DA WUTA

Iyaye, ku sa wannan a lissafi. Waya kaɗai ba ta isa. Ana iya fara ƙananan ayyuka da Canva a waya, amma aikin gaske sai da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, ko da ta hannu ce. Sai kuɗin data kowane wata, domin darasin bidiyo yana shan data kamar rairayi da ruwa. Sai wuta, wadda ba sai na yi muku bayanin halinta ba. Manhajojin kamfanin Adobe irin su Photoshop haya ake biya duk wata. Amma akwai na kyauta masu kyau da yaro zai koyi aiki da su, kamar Inkscape da GIMP da Blender. Masu buga takardu a nan ƙasar kuwa sun fi sabawa da CorelDraw, saboda haka wanda zai yi hulɗa da su ya san ta. Sau da yawa kuɗin da za a tura wa makarantar waje na zango ɗaya, ya isa a sayi kwamfuta da ƙaramin sola, har a yi canji.

INJIN DA KE ZANE, DA ABIN DA YA RAGE MANA

Wani matashi zai ce, to ai yanzu ƙirƙirarriyar basira tana zana hoto cikin daƙiƙa, me ya rage? Gaskiya ne, tun daga 2022 abin ya bazu, kuma ya fara cin ƙananan ayyuka. Wanda iyakar saninsa shi ne ya ɗauko zubin wani ya sauya suna, kasuwarsa tana cikin haɗari. Amma ku zagaya garin nan ku karanta allunan da aka rubuta da Hausa. Nawa ne suka sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu? An rubuta "kofa" ana nufin ƙofa, an rubuta "dan" ana nufin ɗan. Yawancin salon haruffan da ke cikin kwamfuta ma ba su da waɗannan baƙaƙe, sai ka ga akwati ya fito a gurbinsu. Wa zai gyara wannan in ba ɗan Bahaushen da ya iya zane ba? Wa ya san ajami, ya san yadda za a rubuta sanarwar rigakafi ko ta zaɓe yadda tsoho a ƙauye zai karanta? Wa ya san launin da amarya ke so a katinta, da wanda bai dace da sanarwar rasuwa ba? Masu jin Hausa miliyoyi ne daga nan har Nijar da Gana da Kamaru da Sudan. Ƙungiyoyin agaji da bankuna da kamfanonin waya duk suna son su yi musu magana. Yaronmu da ya iya Hausa rubutacciya, ya iya Turanci, ya iya zane, yana riƙe da abin da ɗan wata ƙasa ba shi da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

'YA'YANMU MATA

Iyayena mata, wannan ɓangare naku ne. Yarinya ta gama sakandare, an yi mata aure, ko kuwa mahaifinta ba ya son ta yi nisa. Karatu daga gida ya buɗe mata hanyar da da can babu. Mai iya zanen lalle da tsara ɗinki tana da idon tun tuni. Tana ɗakinta za ta iya tsara katin biki da takardar jikin kayan masu turaren wuta da yaji da man shafawa, a turo mata kuɗinta ta waya. Abin da take bukata wajen maigida shi ne sa'a biyu a rana da ba za a kira ta ba, da izinin zuwa cibiya ranar jarrabawa. Ga masu damuwa da hukuncin zana abu mai rai kuwa, ga malamanmu nan zaune, su ne masu wannan fage, a tambaye su. Abin da zan ce kawai shi ne, kaso mai yawa na wannan sana'a haruffa ne da launi da ado da tsari.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Mai girma shugaba, ina da roƙo uku.

Na ɗaya, a kafa ɗan kwamiti na mutum uku daga cikin ma'aikatanmu masu ilmin boko. Duk uban da aka kawo wa maganar makarantar intanet, ya kai musu sunanta su duba a jerin NUC, in kuwa difloma ce a jerin hukumar NBTE da ke Kaduna, kafin ya fitar da kuɗi. Ofishin NUC yana nan Maitama, kuɗin mota ne kawai.

Na biyu, a nemi ɗaki ɗaya a sa masa sola da kwamfutoci ko da uku ne, a raba lokaci, safe na mata, yamma na maza. Abin da ya gagari gida ɗaya, gida hamsin ba zai gagare su ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, aikin ƙungiya ya riƙa zuwa hannun 'ya'yan ƙungiya. Kalandarmu, katin taronmu, bangon wannan mujalla tamu, allon makarantarmu, a ba su su yi, a kushe in sun ɓata, su gyara, sa'an nan a biya su. A biya su fa, jama'a, kada a sallame su da "Allah ya yi albarka" kaɗai. Da irin waɗannan ayyuka ne yaro ke cika kundin da zai nuna a waje.

Ku kuma matasa, kada ku zo wa iyayenku da hoton talla. Ku zo da amsar tambaya huɗu: wace hukuma ta san makarantar, wace takarda za a ba ni, nawa ne jimillar kuɗin daga farko har ƙarshe, kuma wa zai duba aikina. Sa'an nan ku ajiye a gabansu zane goma da kuka riga kuka yi. Uban da ya ga haka, ko bashi ne zai ci ya tsaya muku.

A nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.  Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.